Ramin hanya tun da rani ake cike shi

Ƴan uwa manoma da makiyaya na Madawa da Buza da Keita, kowace damana kukanmu ɗaya ne: hanya ta lalace. Ƙorama ta cinye gefenta, ramuka sun cika da ruwa, direba bai san zurfinsu ba sai ya faɗa. Ra'ayinmu shi ne: ramin hanya tun da rani ake cike shi, ba sai ruwa ya sauka ba.

Mu fara da sanin yadda rami ke samuwa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka hanya take. Ruwa ya kan shiga ƙaramar tsaga, ya jiƙa ƙasar da ke ƙasa, ta yi laushi. Manyan motoci su bi ta kai da lodi. Ramin da ya fara kamar faifai sai ya koma kamar tabarma. Ƙasarmu ta Adar kuwa ƙasar duwatsu ce. Ruwa na gangarowa da ƙarfi zuwa kwarin Magiya da kwarin Tarka, yana tafe da yashi da tsakuwa.

Hasarar ta kai ga lafiyarmu. Mace mai naƙuda da aka ɗauko daga ƙauye za ta daɗe bisa hanya kafin ta kai likita, wani lokaci jinkirin ya ci rai biyu. Ruwan da ya kwanta cikin rami gidan sauro ne: cikin kwana 10 ko kusa da haka ƙwansa ya zama sauro mai cizo, kuma shi ke kawo zazzaɓin da ke kayar da yaranmu. Ta kai kuma ga aljihunmu. In hanya ta ɓaci, mai mota ya ƙara kuɗin ɗaukar buhu, mai sayen albasa ya rage farashi, manomi ne ke biyan duka biyu. A damanar 2024 ambaliya ta kashe fiye da mutum 300 a Nijar, ta shafi fiye da mutum miliyan 1, har buɗe makarantu ya koma 28 ga Oktoba.

To, gyara aikin wa ne? Manyan hanyoyi, kamar hanya mai lamba 1 wadda ta ratsa Madawa tsakanin Ƙonni da Maraɗi, na gwamnatin ƙasa ne. Titunan cikin gari da ƙananan hanyoyin karkara kuwa, ƙaramar hukuma ce ta fi kusa da su. A 2004 muka zaɓi majalisun ƙananan hukumomi. A Afrilun 2024 aka rushe su, aka naɗa shugabannin riƙo. Ko wa ke bisa kujera, harajin kasuwa da na tasha daga hannunmu suke fitowa, don haka muna da haƙƙin tambaya.

Gyaran da muka saba gani shi ne a zuba yashi cikin rami mai ruwa. Ruwa na gaba ya kwashe shi, kuɗi sun tafi banza. Gyara na gari sai an kwashe ruwa da laka, a gyara bakin ramin, a zuba jar ƙasa da tsakuwa kaɗan-kaɗan, a yayyafa ruwa, a daɓe sosai kamar daɓen ɗaki.

Wasu za su ce asusun hukuma babu kuɗi. Gaskiya ne kuɗin kaɗan ne. Amma yashe lambatu a watan Mayu ya fi arha bisa sake gada a watan Satumba. Muna roƙon hukumomi abu uku. Na ɗaya, su zagaya da hakimai da masu gari tun Maris, a rubuta wuraren da ruwa ke yankewa. Na biyu, a fara da hanyar likita da ta kasuwa. Na uku, a liƙa takarda da Hausa a ƙofar ma'aikata: nawa aka ware, wa aka ba aikin, yaushe zai gama. Yanzu mun iya karatu, za mu karanta.

Mu ma da namu aikin. Tun 1984, a ƙarƙashin Aikin Keita, da taimakon Italiya, iyayenmu, yawancinsu mata, suka jera duwatsu bisa tuddai, suka dasa itace, ruwa ya rage gudu. Ruwan da aka tare bisa tudu ba zai cinye hanya a kwari ba. Mu yi gayya mu gyara waɗannan jerin duwatsu. Kada mu zuba shara cikin lambatu. Kada mu haƙa ƙasar gini a bakin hanya. In ƙorama ta kawo, mu jira ta wuce.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya kai kowa gida lafiya.