Toshe wa kwamfutar mota kunne ha'inci ne

A jikin injin mota akwai 'yar sensa da aikinta sauraro kawai. Idan ragowar fetur ya fashe da kansa a silinda kafin wutar fulogi ta cinye shi, ƙarfen injin yakan yi siririyar ƙara, galibi wajen kilohaz 6 zuwa 8. Kwamfutar motar, wato ECU, tana buɗe kunne na ɗan lokaci bayan kowane tartsatsi, ta kwatanta abin da ta ji da hayaniyar da ta saba. Da ta ji ƙwanƙwasa sai ta jinkirta tartsatsin da 'yan digiri.

Rigimar tana ga motocin da aka ƙara wa ƙarfin tarbo, irin su Subaru WRX. Sabbin fistan da maɗaurin inji mai tauri suna ƙara hayaniya, ECU ta ruɗe, ta rage ƙarfi ba gaira ba dalili. Sai wasu masu gyara su rage wa sensar ji. Lambar ƙarfi dai za ta hau, amma ranar da aka sha fetur mara kyau cikin tsananin zafi, fistan ne zai tsage, kuma mai mota ne zai biya. Aikin da suke gudu shi ne zama da abin sauraro a kunne, a sake koya wa ECU hayaniyar sabon injin a kowane mataki na gudunsa.