Sun Ɗauki Keji, Sun Bar Aku

A shekarar 1937 aka buga littafi na farko na Magana Jari Ce a Zariya, kuma a wannan shekarar ce wani malamin jami'a a Ingila, J.R.R. Tolkien, ya fitar da ɗan littafinsa na yara mai suna The Hobbit. Duka biyun yara sun ƙaunace su, duka biyun kuma masu kyamara sun kai musu hannu daga baya. Na Ingila ɗan ƙaramin littafi ne da yaro zai iya gamawa cikin mako guda, amma Peter Jackson ya miƙe shi kamar danƙo har ya zama finafinai uku tsakanin 2012 da 2014, ya cika shi da yaƙe-yaƙe da mutanen da marubucin bai sa a cikinsa ba. Namu kuwa ba a miƙe shi ba, harshensa aka taɓa. Wannan shi ne abin da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya, domin akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin ɗalibai, har ma da wasu malamai, wai tunda yaran yanzu kallo suke yi ba karatu ba, to a mayar da littattafan nan fim kowa ya huta. Mu dai ba mu yarda a huta ba tukuna.

Bari mu fara da tambayar da masu wannan ra'ayi ba sa son yi. Wai shin mene ne abin da yaro yake so a cikin Magana Jari Ce? In an ce sarakuna da yaƙi da bokaye, ai waɗannan kowace tatsuniya tana da su. Abin da Alhaji Abubakar Imam ya gina littafin a kai shi ne tsuntsu guda mai baki. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri ya ƙulla makirci don yaron ya fito a hallaka shi, ba kuma wanda ya tsaya tsakanin Musa da ajali sai aku. Aku ba shi da takobi, ba shi da dakaru. Dabararsa ɗaya ce: ya riƙe yaron da labari har gari ya waye. Saboda haka kowane labari da ke cikin littafin makami ne, in ya yi sanyi ko ya ƙare da wuri, ɗan sarki ya fita, shi ke nan an gama. Mai karatu yana dariyar Sahoro da Sahorama, amma can ƙasan zuciyarsa yana lissafin sauran dare. Duk wanda ya tsinke labaran nan ya jera su ɗaya bayan ɗaya a gaban kyamara, ya mayar da aku ɗan rakiya da ke buɗe shiri ya rufe, ya ɗauki keji ne ya bar tsuntsun.

Mun san cewa a ƙarshen shekarun 1980 hukumar talabijin ta ƙasa, wato NTA, ta mayar da littafin wasan kwaikwayo mai dogon zango, wanda marigayi Kasimu Yero yana cikin 'yan wasansa. Ba ma raina wannan aiki. Ya kai sunan Imam gidajen da ba a taɓa jin sa ba, daga Legas har Kalaba, an kuma kashe masa kuɗi da basira. Sai dai don a gamsar da ƙasa baki ɗaya, da Turanci aka watsa shi. A duba wannan al'amari da idon basira: littafin da sunansa kansa yake shelar darajar magana, aka raba shi da maganar tasa. Rawani ya fito, algaita ta fito, dawaki sun yi ƙwalisa. To ina kirarin da aku yake yi wa kansa? Ina zambo da habaici da ba'ar da ke sa dattijo ya ajiye littafi ya share hawayen dariya? Waɗannan ba sa tsallaka kogin fassara da kayansu a ka, ko da mafassarin gwani ne.

Matsalar Ruwan Bagaja ta ma fi wannan zurfi, kuma nan ne muke so mai karatu ya ɗan dakata. Tun da littafin ya fito daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933, abin da ke jan yara gare shi shi ne Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, yadda suke cutar juna gari bayan gari. Amma wa yake ba mu labarin? Alhaji ne da bakinsa, yana zaune a Kwantagora, yana shara wa Koje Sarkin Labari abin da ya ce ya same shi. Shaida ɗaya tak muke da shi, kuma shaidan nan mutum ne da ya nuna mana da kansa cewa ƙarya ba ta yi masa wuya. Rabin daɗin littafin yana cikin wannan shakku: anya haka aka yi, ko dai Alhaji yana ƙara gishiri? Kyamara kuwa ba ta san ƙara gishiri ba. Abin da ta nuna ya faru, magana ta ƙare. Da zarar an sa ɗan wasa ya yi abin da Alhaji ya ce ya yi, cika-baki ya koma tarihi, mai wayo ya koma mugu, dariya ta ragu. Shi ya sa Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zauna daram a fim ɗin da Adamu Halilu ya yi a 1976. Shi labari ne na bauta da hamada da uwa mai neman ɗanta, mai ba da shi kuma malami ne da ba a zarginsa da ƙari. Ido yana iya ɗaukar irin wannan kaya.

Sai kuma batun aljanu, wanda ba za mu daɗe a kansa ba don kowa ya gani. Tun da harkar bidiyo ta kankama a Kano da Turmin Danya a 1990, an yi ta gwada labaran al'ajabi, kuma kamfanin Sarauniya ya cancanci yabo da ya waiwayi tatsuniyar Daskin-da-Riɗi a lokacin da hankalin kowa ke kan finafinan Indiya. Amma aljanin da ya zama gama-gari a finafinanmu kowa ya san shi: mutum ne da aka shafa wa farar hoda, aka sa masa amsa-kuwwa a murya, ya yi dariya sau uku ya ɓace cikin hayaƙi. Yaron da ya karanta Iliya Ɗan Maiƙarfi ko Ganɗoki a ƙarƙashin fitila ya ƙera nasa dodon a ka, wanda ya isa ya hana shi fita fitsari da dare. Wannan na allo kuwa ko ƙanensa na goye bai tsorata ba.

Za a ce mana ai rashin kuɗi ne, da muna da na'urorin Amurka da an ga aiki. Wannan hanzari ba ya tsayawa. Michael Ende, Bajamushen da ya rubuta littafin nan na labarin da ba ya ƙarewa a 1979, an yi wa littafinsa fim a 1984 da dukiya mai ɗimbin yawa, amma da ya ga abin da aka yi sai ya nemi a cire sunansa, har ya kai ƙara kotu. Matar da ta ƙago Mary Poppins, P.L. Travers, ta rayu tana jin haushin abin da kamfanin Disney ya yi wa littafinta a 1964, alhali fim ɗin ya samu karɓuwa a duniya. In kuɗi ne maganin, ai da waɗannan ba su yi kuka ba.

Kada kuma a ɗauka muna cikin masu cewa kada fim ya kauce wa littafi ko da taƙi ɗaya. Wannan ra'ayi shi ma bai san Imam ba. Ai shi kansa Imam babban mai juya labari ne. Ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya, ya ɗebo daga tatsuniyoyin Jamus, dabarar akun da ke tsare mutum da hira ta samo asali daga tsofaffin littattafan Indiya da Farisa, Sarkin Busa kuwa mai sarewar garin Hamelin ne aka naɗa wa rawani. Bai yi wa kowanne biyayyar makaho ba. Ya narkar da su ya sake zubawa, har Bahaushe ya rantse kakarsa ce ta fara ba shi su. Abin da ya yi shi ne ya gano inda ran kowane labari yake, ya ɗauko shi da rai, ya bar gawar can. Wannan aikin muke nema daga mai shirya fim, shi ne kuma aikin da ake gudu, don ya fi ɗinka manyan riguna da hayar dawaki wuya.

Me ya sa abin ya dame mu a nan musamman? Domin yaron da ya tashi a Hausari, a tsakiyar Maiduguri, Hausarsa ta kasuwa ce da titi, tana gogayya da Barbarci da Larabcin Shuwa da Turanci kullum. Tana da zaƙinta, ba mu ce ba ta da shi ba. Amma Hausa mai zurfi, mai karin magana da salon zance iri-iri, sau da yawa a littafi yake fara gamuwa da ita, kuma shekara da shekaru littattafan Imam ne suke yin wannan aiki ga 'ya'yan Hausawa da Barebari da Babur da Margi baki ɗaya. Yanzu ga waya a hannun kowane yaro. In abin da ya fara gani da sunan Magana Jari Ce hoto ne marar harshe, zai ɗauka ya san littafin, ba zai kuma neme shi ba. Mun sha ganin ɗalibi a aji yana ba da labarin littafi tiryan-tiryan, a ce ya kawo jimla ɗaya da ta burge shi, ya yi zuru. Kallo ya yi, ko wani ya ba shi a taƙaice.

Laifin kuma ba na masu fim kaɗai ba ne, har da sassan Hausa na jami'o'inmu. Kowace shekara ana yaye ɗalibai da suka rubuta kundi a kan jigo da salo da warwarar jigo a Ruwan Bagaja, kundayen na nan jibge ƙura na ci. Nawa ne daga cikinsu aka koya wa yadda ake rubuta labarin fim? Wanda ya san littafin ba ya riƙe kyamara, wanda ke riƙe kyamara bai karanta littafin ba tun yana firamare. Ga zane mai motsi, wanda yau matashi da kwamfuta ɗaya zai iya gwadawa, kuma shi ne ya fi dacewa da tsuntsu mai magana, don a cikinsa ba a tilasta wa ido ya yarda cewa abin gaske ne. A ba aku muryar gwanin ɗan wasa, a bar masa Hausarsa yadda Imam ya zuba ta, a bar Musa tsaye a bakin ƙofa da shirin fita, mai kallo yana ganin dare na tafiya. In za a yi Ruwan Bagaja, a bar Alhaji a zaurensa yana zuba, a riƙa komowa kan fuskar Koje don mu ga ko ya yarda. Littafi na biyu ma, inda aku ya kara da Haziƙ, gasar baka ce zalla daga farko har ƙarshe, ba ta bukatar doki ko ɗaya.