Keken da ake hawa a ƙarshen Hanyar 66, da tambayar wa ya mallaki bakin teku

Wanda ya taso da mota daga Shikago ya bi tsohuwar Hanyar 66 ta Amurka har birnin Santa Monica, ya ci kusan kilomita 3,940 kuma ya ratsa jihohi takwas. Kafin ya iso, gadon baya ya sandare, ido ya gaji da kallon kwalta da hamadar Arizona. Abin da matafiya da yawa ke yi da sun ajiye mota shi ne su ɗauki keken haya su bi gaɓar tekun Fasifik.

Wani zai ce ai wannan shagalin masu kuɗi ne. Ba haka ba ne. Hawan keken nan ya fi komai arha a tafiyar, kuma yana yiwuwa ne saboda wata doka da aka sha gwagwarmaya a kanta.

An buɗe Hanyar 66 a 1926, aka cire ta daga jerin manyan hanyoyin ƙasar a 1985. Allon da ke kan dandalin katako na Santa Monica, wanda kowa ke ɗaukar hoto a gindinsa a matsayin ƙarshen hanya, sai a 2009 aka kafa shi. Ainihin ƙarshen yana can cikin gari. Ba wanda ya damu. Mutum bai jin ya iso sai ya ga ruwa.

A gindin dandalin ne hanyar keke ta Marvin Braude ta ratsa, mai tsawon kimanin kilomita 35, daga gaɓar Will Rogers zuwa Torrance. An sa mata sunan wani kansila na Los Angeles da ya daɗe yana fafutukar ganin an yi ta. Babu ƙofa, babu mai karɓar kuɗin shiga. Baƙon da ya zo daga nesa da ma'aikacin gidan abinci mai sauri zuwa aiki duk layi ɗaya suke bi, ta gaban gidajen miliyoyin daloli. Dokar gaɓar teku ta jihar Kalifoniya ta 1976 ce ta ƙarfafa 'yancin jama'a na isa bakin ruwa, kuma har yau ana tafka shari'a da attajiran da ke neman toshe hanya.

Kada a ɗauka dama can haka abin yake. Mai keke idan ya kai Manhattan Beach zai wuce wani fili da ake kira Bruce's Beach. Wasu ma'aurata baƙaƙen fata, Willa da Charles Bruce, suka sayi wurin a 1912, suka buɗe wajen shaƙatawa ga 'yan'uwansu a lokacin da ake korar baƙar fata daga yawancin gaɓar. A 1924 hukumar garin ta yanke shawarar ƙwace filin da sunan za ta yi lambun jama'a, ta bar shi a banza shekara da shekaru. Sai a 2022 aka mayar wa zuriyarsu. Ke nan ko kalmar "amfanin jama'a" an taɓa yin fashi da ita a wannan gaɓar.

Nan ne labarin ya shafi Najeriya. Direban da ya ɗauko tumatir daga Kano zuwa kasuwar Mile 12, ko ya je lodi Apapa, ya yi tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa birnin da ke bakin teku, amma sau da yawa yakan juya bai taɓa yashin gaɓa ba. Bar Beach, inda talaka ke zuwa shan iska kyauta, ya shige cikin aikin Eko Atlantic. Gaskiya ne teku na cin ƙasa a wurin har ruwa kan hau titin Ahmadu Bello, dole a yi maganin hakan. Sai dai da aka yi maganin, ba a bar wa talaka madadi ba. Fitattun wuraren da suka rage, yawancinsu sai ka biya a ƙofa.

Yanzu ga babbar hanyar gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba, mai kimanin kilomita 700, da aka fara a 2024. Ana ta muhawara kan kuɗinta da rusau da aka yi, amma ba kasafai ake jin mai tambayar ta ina mai tafiya a ƙafa ko mai keke zai isa ruwa idan an gama ba. Hanyar keke mai zuwa da dawowa faɗin mita uku zuwa huɗu ya ishe ta, kuma sa ta a zane tun ana aiki ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan neman wurinta bayan an raba filaye.