Jimla Ba Linzami: Laifin Wa?

Kwanan baya wani ɗan'uwa marubuci ya ce mini wai aya da waƙafi kayan Bature ne, shi Bahaushe zubo zance yake yi kamar ruwa. Na ce masa, Malam, ai ko gulbin Zamfara yana da gaɓa, ranar da ya tsallake ta kuwa mutanen Gummi ba su barci.

Ni malamin Turanci ne a nan Nasarawa Burkullu, kuma cutar da ta fi cin ɗalibaina ita ce wadda Turawa ke kira run-on sentence, wato a haɗa cikakkun jimloli biyu ba aya, ba mahaɗi. Yaro ya rubuta: I went to Anka I bought a goat. Wani ya ɗiga waƙafi a tsakani, ya ɗauka ya gyara, alhali waƙafi shi kaɗai ba ya ɗaure jimloli biyu a Turanci. Gane ta ba wuya. Raba zancen biyu. In kowane ɓangare yana da mai aiki da aikinsa, ya kuma tsaya da ƙafarsa, to jimloli biyu ne. Magani uku ne: ka sa aya, ko waƙafi mai ruwa, ko waƙafi tare da mahaɗi irin and, but ko so.

Kada a ɗauka wasa ne. A jarrabawar WAEC, cikin maki 50 na insha'i, 10 na ƙa'idojin rubutu ne, kowane kuskure kuma rabin maki yake ci. Kuskure 20 sun cinye su kaf. Ɗan talaka da aka sayar da buhun gero aka biya masa kuɗin jarrabawa, ga inda kuɗin ke zurarewa.

To, laifin wa? Wasu malamai na cewa Hausa ce ke ɓata Turancin yara. Wannan ƙazafi ne. A buɗe Ruwan Bagaja na 1934 ko Magana Jari Ce a ga yadda Abubakar Imam ke jan zance mai tsawo, amma ya san inda zai ja linzami. Tsawon jimla ba aibi ba ne, rashin ɗaurinta ne aibi.

Laifin namu ne, mu marubuta. Littattafanmu ne yaran nan ke ɓoyewa cikin jaka suna karantawa. Sai ka ga shafi guda cur ba aya ko ɗaya, jaruma ta yi kuka, ta yi wanka, an ɗaura mata aure, duk a numfashi ɗaya! Abin da ido ya saba gani shi hannu ke rubutawa, ko da Hausa ko da Turanci.

Don haka ina kira ga ƙungiyarmu: kada mu ƙara ƙaddamar da littafin da ba a tace ba. Kai kuma sabon marubuci, karanta rubutunka da ƙarfi kafin ka kai maɗaba'a. Inda magana ta cika, sa aya. Ba ta da tsada, ɗigo ɗaya ce.