Hasken da ido ba ya gani

Duk wanda ya kai hannu kusa da garwashi ya san zafinta, ko da ba ta yi ja ba. Wannan zafi haske ne, amma ido ba ya ganinsa. Sunansa infirared.

A 1800 wani masani a Ingila, Wiliyam Hashel, ya raba hasken rana launi-launi da gilashi. Ya aza ma'aunin zafi gaba da ja, inda babu launi. Sai ma'aunin ya hau.

Yaro yakan karkata hasken rana da madubi ya kai shi cikin ɗaki. Haka masana ke karkata infirared, da manyan madubai masu nauyi. A 2011, a jami'ar Habad ta Amurka, Federiko Kafaso da abokan aikinsa suka jera 'yan ƙananan zinariya bisa faifai. Kowane bai kai kaurin gashi ba. Kamar yadda mai garka ke jan ruwa zuwa fangali, haka suka ja hasken inda suke so. Fatansu na'urori su ƙanƙance, su yi araha.

Mine ne amfaninsa a karkara? Ɗanyen ganye yana maido da wannan haske da yawa. Taurarin ɗan Adam suna auna shi daga sama. Da wannan awo cibiyar AGRHYMET ta Yamai ke gane inda ciyawa ta yi da inda ta gaza. Makiyayin da ya ji labari da wuri ba ya kai garkensa ga yunwa.