Baƙin man da ka juye daga babur, ina yake zuwa?

Ƴan uwa manoma da makiyaya, da ku matasa masu kabu-kabu, wanga karo zancen babur da mota na zo muku da shi. Wani zai ce, mi ya haɗa malamin gona da aikin makanike? Ƙasa da ruwa sunka haɗa su. Duk abin da ya fito daga cikin inji, hayaƙi ne, baƙin mai ne, ko ruwan batir, ƙarshensa gona, ko tabki, ko rijiya. To kun ga ya shigo aikina.

A shekarun 1970 ƙauye yakan yi mako bai ji ƙarar inji ba, sai ranar kasuwa. Yau kuwa da wuya ka shiga gari ba ka tarar da babura jere ƙarƙashin icce ba. Ni ban ce a koma ga jaki ba. Babur ya kai mai naƙuda likita cikin dare, mota ta kai tumati kasuwa kafin ya ruɓe. Wanda ya ce a bar su bai san nisan ƙauye ba. Abin da nake nema shi ne mu san riƙonsu, kamar yadda munka san riƙon maganin ƙwari.

Mu fara da hayaƙi, tun da shi kowa ke gani. Masana sun auna: duk litar isansi ɗaya da ta ƙone, tana sakin wata iska marar launi mai nauyin kusan kilo 2 da giram 300. Ta gazuwal ta wuce kilo 2 da rabi. Wagga iska tana taruwa sama kamar bargo, tana riƙe zafin rana, ita ce babban dalilin ƙarin zafin duniya da rikicewar damana. Amma gaskiya a faɗe ta. Rabon Nijar cikin wanga hayaƙi ɗan mitsitsi ne idan an gwada da na Amurka, da Sin, da ƙasashen Turai. Kada wani ya zo ya ce ma mai kabu-kabu na Dakoro shi ya hana ruwan sama. Ba shi ba ne.

Sai dai hayaƙin nan yana da wani lissafi da ya shafe mu kai tsaye, lissafin aljihu. Baƙin hayaƙi mai ne wanda ka saya, inji ya kasa ƙone shi, ya watsar. Kuma mai ba abin dogara ba ne. Muna da matatarmu a Damagaram tun 2011, wadda anka gina don tace ganga 20.000 a yini. Duk da haka, da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, kwalbar ƴan ruwa-ruwa ta yi tsada daga Ƙonni har Magarya. A watan Yuli na 2024 gwamnati ta rage kuɗɗin litar isansi daga tamma 540 zuwa 499, wato dala ɗari ba tamma ɗaya. A watan Maris na 2025 kuma anka yi ƙarancin mai, mutane sunka yini bisa layi a Yamai da sauran birane.

Ku ɗauki alƙalami, ku da kunka yi yaƙi da jahilci, mu yi misali. A ce mai kabu-kabu yana ƙone lita 3 a yini. A ce da kula ya rage kashi ɗaya cikin goma. A wata ya tsira da lita 9, a shekara lita 108. Bisa kuɗɗin 2024, kusan jika 54 ke nan. Ku tambayi kanku tiya nawa ta hatsi ke nan lokacin bazara.

Kular kuwa ba ta da wuya. Taya marar iska kamar amalanke ce cikin rairayi, inji yana wahala, yana shan mai, tayar kuma tana cinyewa da wuri. A duba iska kowane mako, da safe kafin taya ta yi zafi. Matatar iska, wadda makanikai ke ce ma filtir, ita ce hancin inji. Lokacin hunturu ƙura tana toshe ta cikin kwana kaɗan, inji ya rasa numfashi, ya riƙa zuƙar mai fiye da kima. Wasu sai su cire ta gaba ɗaya, wai babur ya fi gudu. Wanga babban kuskure ne, don rairayi zai shiga ya goge cikin inji kamar dutsin niƙa. A wanke ta ko a canza ta. Haka buji, haka sarƙa. Sai gudu: da ka wuce kilomita 80 ko 90 a awa, iska ce kake turawa da kuɗɗinka. Sai kuma direban da ke barin mota kunne a tasha yana jiran ta cika, wai don fasinja su ɗauka yanzu za a tashi. Fasinja sun daɗe da gane wagga dabara. Masu tuya da masu talla da ke zaune bayan motar su ke shaƙar hayaƙin.

Amma abin da ya fi damuna, a matsayina na mai yawo cikin garake da fadamu, shi ne baƙin mai. Hayaƙi iska ke ɗauka. Baƙin mai inda ka zuba shi nan yake zama.

Kowane babur, bayan ɗan lokaci, ana juye masa kusan lita ɗaya. Mota lita 4 ko 5, babbar mota fiye da haka nesa. Ku lissafa baburan garinku, ku lissafa sau nawa ake juyewa a shekara. Ina man yake zuwa? Mafi yawa ƙasa, a gindin iccen da makanike ke zama. Ku je ku duba wurin: ƙasa baƙa, mai ƙyalli, ko ciyawa ba ta fitowa. Man ya rufe ƙofofin ƙasa, ruwa ba ya shiga, ƙananan halittun da ke mai da taki abincin shuka sun mutu. Man da ya fito daga inji ba kamar sabo ba ne. Ya kwashi garin ƙarfe da dattin ƙuna, kuma likitoci sun tabbatar yawan taɓa shi da fata na iya kawo ciwon daji.

Ƙasarmu kuma rairayi ce, ba ta riƙe komi. A gulbin Maraɗi, da Korama ta Damagaram, da kwarin Tarka, da dallol, akwai wuraren da ruwa yake kusa ƙwarai, gaba biyu ko uku ka same shi. Shi ya sa noman rani yake yiwuwa can. To abin da ya sa ruwan yake da sauƙin samu, shi ya sa yake da sauƙin ɓaci. Ruwan sama na fari zai wanke man, ya ja shi ƙasa. Ɗan kaɗan ya isa ya canza ɗanɗanon rijiya, kuma rijiyar da mai ya shiga yasa ɗaya ba ta gyara ta. Masu injin ban ruwa, wanga zance naku ne ku ma. Sau da yawa a bakin rijiyar garka ake juye man injin, taki ɗaya daga ramin, ga albasa da salati kewaye.

Akwai kuma amfanin da muke yi da baƙin mai da sunan dabara. Ana shafa ma raƙumi ko akuya don ƙazwa, ana shafa ma saniya don kaska, ana ɗiga shi bisa gyambon jaki. Na san dalili: magani na da tsada, mai kuwa kyauta ne. Amma bisa tana lasar jikinta, fata kuma tana tsotsa, kuma nonon wagga akuya yaranmu za su sha. Maganin ƙazwa da na kaska suna wurin malamin bisashe, a nemi nasa. Wasu suna zuba shi cikin kududdufi don kashe sauro. Sauro zai mutu, amma tare da kifi da kwaɗi, kuma tumaki ba su san an zuba ba. Shafa ma icce don gara shi ne mai dama-dama cikinsu. Duk da haka kada a shafa ma iccen rumbu, ko na bakin rijiya, ko azarar ɗakin da ake kwana.

To ya za a yi da shi? A tara a kwano lokacin juyewa, a ɗura a jarka mai marfi, kada a haɗa da ruwa ko isansi. Wanda ke zuwa birni ya tambayi gareji ko gidan mai ko suna karɓa, don man da anka tara da tsabta ana iya sake tace shi. Na sani mafi yawan ƙauyukanmu ba su da wurin tarawa. A nan nake ganin laifin ba na makanike ba ne shi kaɗai. Hukumar da ke karɓar kuɗɗin tasha da na kasuwa ba za ta kasa sayen tano ɗaya mai marfi ba, ta ajiye bisa daɓen siminti, nesa da rijiya. Ko da tanon ya shekara yana jiran mai ɗauka, ya fi a ce abin da ke cikinsa yana ƙarƙashin gari.

Wankin babur a bakin tabki shi ma a bari. Launin nan mai kama da bakan gizo da kuke gani bisa ruwa, mai ne. A ɗebi ruwa a bokiti, a yi nisa da tabkin, a wanke bisa ƙasa mai tauri.

Yanzu batir. Cikinsa abu biyu ne, ruwa mai ƙuna da dalma. Ruwan kowa na tsoronsa don yana huda riga. Dalma kuwa ba ta da wari, ba ta ƙuna, shi ya sa ba a tsoronta, alhali ita ta fi. Tana shiga jinin yaro ta ƙurar da ya taɓa ya kai baki, ta taɓa ƙwaƙwalwa. Kaɗan takan sa yaro ya kasa riƙe karatu, mai yawa ta kawo suma da mutuwa. A unguwar Caroy ta gefen Dakar, tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 sunka rasu, don mutanen wurin suna fasa tsoffin batura, suna tankaɗe ƙasa a gida suna neman dalmar sayarwa. A Zamfara, nan maƙwabtanmu, a 2010, yara fiye da 400 sunka rasu. Can dalmar daga dutsin zinariya ta fito, wanda ake niƙawa cikin gidaje, amma gubar ɗaya ce. Da ana zuba dalma har cikin isansi. Ƙasashen Afirka na kudu da Sahara sun bari a 2006, duniya duka ta gama bari a 2021. Wadda ta rage hannunmu ita ce ta batir, kuma yanzu da batir ɗin sola ya shiga gidaje, ta ƙaru. Don haka mataccen batir a sayar da shi yadda yake, ko a yi musanya wurin mai sayar da sabo. Kada a fasa, kada a narka a murhun tuwo, kada a mai da kwankonsa mashayar kaji.

Tsohuwar taya ba sai na tsawaita ba, mun iya ta: takalmi, igiya, guga, makarin bakin rijiya. Abu biyu kawai. Kada a bar ta tana tara ruwa da damana, gidan sauro ce. Kada kuma a yi babbakar kai da ƙafa da ita, don baƙin hayaƙin yana manne ma naman da za a ci. Mahauta, ku yi haƙuri, kara da icce sun fi tsada amma ciki na mutane ne.

Saura ɓarna ɗaya da ba daga cikin inji take fitowa ba, daga ƙafarsa take. Da damana, in hanya ta yi laka, direba sai ya ratse cikin gona. Na bayansa ya bi sawunsa. Kafin kaka hanya ɗaya ta zama uku. Ƙasar da taya ta danne tana tauri, ruwa ya riƙa gudu bisanta, daga nan zaizaya ta fara. Abin da ya fi ciwo shi ne ƴan itatuwa. Tun bayan farin 1984 manoman Maraɗi da Damagaram sunka rungumi sassaben zamani, suna barin tohon gawo da kalgo da sabara a gona suna renonsu, har anka ƙiyasta fili kusan ekta miliyan 5 ya sake samun itace. Ɗan gawon da manomi ya yi shekara biyu yana yi ma aski yana kare shi daga awaki, taya ɗaya ta isa ta karya shi.

Direba zai ce, in bi laka in kafe? Yana da gaskiyarsa. Shi ya sa gyaran na kowa ne. Wuraren da ke kafe mota sanannu ne, ba su wuce biyu ko uku tsakanin gari da kwalta. Kafin ruwa ya sauka, mai gari ya kira shugaban ƴan kabu-kabu, da direbobin motocin kasuwa, da masu gonakin bakin hanya. Masu amalanke su kawo tsakuwa da jar ƙasa, masu inji su haɗa kuɗɗin abincin ƴan aiki, a cike ramukan a yi gayya yini ɗaya ko biyu. A kafa duwatsu a bakin gona don a san iyakar hanya. A wanga zama ne kuma ya kamata a zaɓi wurin da tanon baƙin mai zai zauna, da wanda zai riƙe makullinsa.