Wa Ya Buɗe Wa Baƙo Ƙofa?

A ranar 31 ga Oktoba, 2025, Shugaban Amurka Donald Trump ya mayar da sunan Nijeriya cikin jerin ƙasashen da gwamnatinsa ke zargi da tauye 'yancin addini. Washegari kuma ya yi barazanar turo sojoji, wai domin ya ceci Kiristocin ƙasar nan daga hallaka. Kafin shekarar ta ƙare, a daren Kirsimeti, Amurka ta kai hari ta sama a Jihar Sakkwato, gwamnatin Nijeriya kuwa ta ce da saninta da yardarta aka yi. Wannan al'amari ya raba kan jama'a gida biyu a jaridu da gidajen rediyo, da majalisun bakin titi, har da ɗakunan kwanan ɗalibai da ofisoshin gwamnati.

Ɓangare ɗaya na cewa an daɗe ana kashe su, sun yi kuka har muryarsu ta dushe ba wanda ya waiwaye su, saboda haka duk wanda ya zo da niyyar taimako, ko daga ina ya fito, lale marhabin. Ɗaya ɓangaren na cewa maganar ƙage ce, Turawan Yamma ne suka kitsa ta domin su sami hanyar kaiwa ga man fetur da ma'adinanmu, su kuma haɗa Musulmi da Kirista faɗa. Kowanne na riƙe da guntun gaskiya, ya ƙanƙame nasa, ya ƙi duban na ɗan'uwansa. Mu a namu ra'ayin, akwai tambayar da ta riga duk waɗannan: me ya sa ɗan ƙasa zai ɗaga kai yana jiran jirgin yaƙin wata ƙasa ya ƙwato masa haƙƙinsa, alhali kuwa ga kotu, ga 'yan sanda, ga majalisa a ƙasarsa? Amsarmu ita ce rashin hukunci. Shi ne ya buɗe wa baƙo ƙofa, kuma sai an yi maganinsa ƙofar za ta rufu.

Bari mu fara da masu musu. Jinin da aka zubar ba ƙage ba ne. An tayar da bam a Cocin St. Theresa da ke Madalla ranar Kirsimetin 2011. An sace 'yan mata 276 daga makarantar Chibok a watan Afrilun 2014. An buɗe wa masu ibada wuta a cocin Owo ranar 5 ga Yuni, 2022, makonni kaɗan bayan da taron jama'a ya kashe ɗaliba Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato. A watan Yunin 2025 an kashe mutum fiye da 100 cikin dare ɗaya a Yelwata ta Jihar Binuwai. Wanda duk ya dubi iyayen waɗannan mutane ya ce musu farfagandar Turawa ce, ya zuba gishiri a gyambo, kuma da hannunsa ya tura su wajen baƙon da yake gudu.

Su kuma masu kiran baƙo, ya kamata su buɗe ɗaya shafin littafin. An harbe Shaikh Ja'afar Mahmud Adam yana limancin sallar asuba a Kano cikin 2007. An yanka manoman shinkafa fiye da 40 na Zabarmari a gonakinsu cikin Nuwamban 2020. An kashe masallata fiye da 100 a Babban Masallacin Juma'a na Kano ranar 28 ga Nuwamba, 2014. An ƙone matafiya 16 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo cikin Maris na 2025. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen 2020 rikicin Boko Haram ya ci rayuka kusan 350,000 a Barno da Yobe da Adamawa, akasarinsu ta hanyar yunwa da cututtukan da yaƙin ya jawo. A Zamfara da Katsina kuwa, mai kisan da wanda ake kashewa sau da yawa alƙiblarsu ɗaya. A ƙarƙashin rigar addini akwai rigimar gona da burtali, da satar shanu, da haƙar zinariya, da kuɗin fansa, da gardamar wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo a ƙaramar hukuma. Baƙon da ya iso da lissafin gawawwakin ɓangare ɗaya a aljihunsa ya riga ya zaɓi gefe, wanda ya zaɓi gefe kuwa ba ya raba faɗa.

Ba sai mun je wajen mai duba ba kafin mu san abin da zuwan sojan waje ke haifarwa, domin maƙwabtanmu sun riga mu ɗanɗanawa. A watan Maris na 2011 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1973 domin kare fararen hula a Libiya. Ƙasashen Afirka uku da ke kwamitin a lokacin, wato Nijeriya da Afirka ta Kudu da Gabon, duk sun ɗaga hannu sun amince. Ƙungiyar NATO ta karɓi ƙudurin ta mai da shi takardar izinin kifar da gwamnati, aka yi watsi da shirin sulhun Tarayyar Afirka, aka kashe Mu'ammar Gaddafi a Sirte cikin Oktoban shekarar. Rumbunan makaman Libiya suka tsaya ba mai gadi, bindigogi suka kwararo kudu ta cikin hamada. Kafin a yi wata shida da mutuwarsa, arewacin Mali ya fita daga hannun gwamnatin Bamako.

Sai Faransa ta shigo Mali a Janairun 2013. Haƙiƙa ta tare mayaƙan da suka doshi kudu, ta ƙwato Gao da Timbuktu, har jama'a suka fito suna yi wa Shugaba François Hollande tafi. Amma aka wayi gari rundunar Barkhane, wadda ta kai sojoji fiye da 5,000, ta shekara takwas a yankin, wutar kuwa ta tsallaka zuwa tsakiyar Mali da Burkina Faso da yammacin Nijar. Sojan Faransa na ƙarshe ya bar Mali a Agustan 2022 ana yi masa ature. Hukumomin sojan Mali suka ɗauko sojojin haya na Wagner daga Rasha. Ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba da rahoton cewa sojojin Mali da baƙin da ke tare da su sun kashe mutum aƙalla 500 a garin Moura cikin Maris na 2022. An gudu daga gara an faɗa gidan zago. A Nijar ma, Amurka ta kashe fiye da dala miliyan 100 wajen gina sansanin jirage marasa matuƙa a Agadas, ta kwashe kayanta ta tafi a 2024, mutanen Tillaberi ba su huta ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Kada a ɗauka muna cewa Nijeriya ta toshe kunnenta daga kowane taimako. A farkon 2015, haɗin gwiwa da sojojin Chadi da Nijar da Kamaru ya taimaka ƙwarai wajen ƙwato garuruwan Barno daga hannun Boko Haram. Sayen kayan aiki, da musayar bayanan sirri, da horar da jami'ai, duk abubuwa ne da ƙasashe ke yi a tsakaninsu. Sharaɗinmu shi ne a yi su bisa yarjejeniyar da Majalisar Tarayya ta gani ta tattauna a fili, a kuma san wanda za a tuhuma in bam ya faɗa kan ƙauyen da ba ruwansa. Jirgin sama na iya rusa sansani a daji. Ba zai iya shata burtali ba, ba zai sasanta Berom da Fulani ba, ba zai kuma zaunar da alƙali ya yanke hukunci ba. Zanen aro ba ya rufe katara.

To, mu dawo kan ƙofar da muka ambata. A Disamban 1980 rikicin Maitatsine ya ci rayuka 4,177 a Kano bisa lissafin hukuma, aka kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Anthony Aniagolu. Wutar ta sake tashi a Bulunkutu cikin 1982, da Jimeta cikin 1984, da Gombe cikin 1985. Aka yi Kafanchan a 1987, da Zangon Kataf a 1992, da Kaduna a 2000. A Jos kaɗai, an yi kwamitin Mai Shari'a Fiberesima kan rikicin 1994, da na Mai Shari'a Niki Tobi kan na 2001, da na Bola Ajibola kan na 2008. Tsarin kusan ɗaya ne a kullum: a sa dokar hana fita, a binne gawawwaki, a kafa kwamiti, a miƙa rahoto ana ɗaukar hoto, sa'an nan rahoton ya shiga durowa. Yaron da ya ga an kashe ubansa, ya kuma ga makashin yana yawo a kasuwa bayan wata biyu, ya koyi darasi guda, wato hukuma ba ta rama wa kowa. Irin wannan yaro, in ya girma, ko dai ya nemi makami, ko ya nemi baƙo mai makami.

Abin ya fi muni in hukumar da kanta ce ta yi ɓarnar. A Yulin 2009 aka kashe Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram, a hannun 'yan sanda a Maiduguri ba tare da shari'a ba. Da an gurfanar da shi gaban alƙali, da ƙasa ta ji daga bakinsa su wane ne ke ɗaure masa gindi. Maimakon haka, aka ba mabiyansa hujjar ɗaukar fansa. Game da abin da ya faru a Zariya cikin Disamban 2015, kwamitin binciken da gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa ya tabbatar da cewa an binne 'yan Shi'a 347 a kabari ɗaya, ya ba da shawarar a hukunta sojojin da ke da hannu, shekaru suka shuɗe ba a ga an bi shawarar ba. A Tudun Biri cikin Disamban 2023, jirgin sojan ƙasarmu ya kashe masu Maulidi aƙalla 85, rundunar ta ce kuskure ne. Alhali kotunanmu ba su gaza ba in an ga dama: a Disamban 2013 Babbar Kotun Tarayya ta yanke wa Kabiru Sokoto ɗaurin rai da rai dangane da harin Madalla. Abin da aka iya yi sau ɗaya, ana iya yin sa sau ɗari.

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, wannan magana ta shafe mu ta fuska biyu. Ɗalibai ne suka yi zanga-zanga zuwa majalisa a Legas cikin 1960 domin ƙin yarjejeniyar tsaro tsakanin Nijeriya da Ingila, har gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta soke ta a Janairun 1962. A Janairun 1976 kuma, da Shugaba Gerald Ford na Amurka ya aiko wa shugabannin Afirka wasiƙa kan batun Angola, gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta bayyana ta ga jama'a ta yi fatali da ita. Wannan gado ne abin alfahari. Amma rikicin Kafanchan na 1987 ma daga cikin kwalejin ilimi ya faro, kafin ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. Ashe harabar makaranta tana iya haifar da masu kare mutuncin ƙasa, tana kuma iya zama murhun da gobara ke tashi. Wanda zai ce wa baƙo ya tsaya a waje, tilas ne ya fara tabbatar da cewa ɗan ajinsu mai wani addini yana kwana lafiya a ɗaki ɗaya da shi.

Bisa ga haka muna kira ga gwamnatin tarayya da na jihohi da su buga dukkan rahotannin kwamitocin bincike tun daga na 1980, da farar takardar kowanne, a ajiye su a ɗakunan karatu inda kowa zai iya dubawa. Muna kira da a buɗe rajista guda ta ƙasa, wadda za a rubuta sunan duk wanda aka kashe a rikici, da garinsa, da ranar, da inda shari'arsa ta tsaya, domin muddin kowane ɓangare na riƙe da nasa lissafin, mai neman haddasa fitina ba zai rasa alƙaluman da zai kai Washington ko wani wuri ba. Muna kira da a yi shari'ar masu kisa a bainar jama'a, ko suna sanye da rawani, ko kwalar limamin coci, ko kakin soja. Ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi da na Kirista kuwa, su riƙa fitar da sanarwa guda da sa hannu biyu duk ranar da aka kashe wani, ko wane ne shi.

Ku kuma 'yan'uwanmu da kuka kama aikin gwamnati, ku sani cewa rahoto ba ya shiga durowa da ƙafarsa. Wani akawu ne ke kulle shi, wani magatakardan kotu ne ke cewa fayil ya ɓace, wani ƙaramin lauyan gwamnati ne ke neman a ɗage shari'a har shaidu su gaji su daina zuwa. Waɗannan kujeru a hannunku suke, manyan da ke samansu ma gobe naku ne. Ranar da aka kawo muku fayil ɗin wanda aka kashe, kada ku fara duban sunansa domin ku gane addininsa. Ku rubuta masa lamba, ku tura shi gaba, ku bi sawunsa har ya isa gaban alƙali. Ranar da uwar Yelwata da uwar Zabarmari suka tabbata cewa kotun ƙasarsu za ta bi musu kadin 'ya'yansu, babu wadda za ta tsaya tana duban sama. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba iyalansu haƙuri, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.